Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Super Eagles da Darasin Wasan Kano na 2005

A daren Lahadi, 16 ga Nuwamba 2025, gidan kallon da muke zuwa a Bacirawa ya cika har bakin ƙofa. Waɗanda ba su samu benci ba suka tsaya a jikin langa-langa, yara kuma suna leƙe ta kafar buhun da aka kare taga da shi. Minti uku da take wasa Frank Onyeka ya jefa ƙwallo a ragar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ihu ya rufe ƙarar janareta. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Kwango ta farke. Aka gama minti 90, aka yi ƙarin lokaci, aka je bugun fenariti, Chancel Mbemba ya buga ta ƙarshe ta shiga. Muka fito ɗaya bayan ɗaya, babu mai ce wa wani uffan, kamar an dawo daga jana'iza. Karo na biyu ke nan a jere da za a yi gasar kofin duniya ba da Najeriya ba.

Ba a rufa wata guda ba, a kan waɗannan bencina dai, hira ta juya. An tsara fara gasar cin kofin nahiyar Afirka a Maroko ranar 21 ga Disamba 2025, kuma tuni an fara raba kofi. Ka ji ana cewa muna da Osimhen, gwarzon Afirka na 2023, muna da Lookman, gwarzon 2024, to wa zai tare mu? Wannan hira mun gaje ta ne. Iyayenmu sun yi ta da sunan Odegbami, yayyenmu da sunan Yekini, mu kuma mun tashi da sunan Okocha da Kanu. Duk lokacin da gasa ta ƙarato sai mu jera sunaye mu ce ga amsa.

Daga ɓangarenmu na arewacin Kano, mai tafiya birni yakan hango Dala tun da sauran tafiya a gabansa, shi ya sa karin maganar nan ba ta buƙatar sharhi a wurinmu. Muna so mu bi tarihin tawagar nan mu ga yaushe ta shiga birni, yaushe kuma ta tsaya a hange. Daga nan ne za mu iya faɗin abin da ya dace mu sa rai da shi a Maroko.

Abin da alƙaluma suka nuna

Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma ta koya mana cewa kafin ka yi hasashe sai ka fara tara abin da ya riga ya faru. Da muka jera sakamakon Najeriya a gasar Afirka, ga abin da ya fito.

Daga 1963 zuwa gasar da aka kammala a Kodebuwa a Fabrairun 2024, Najeriya ta halarci gasar sau 20. A cikinsu ta ƙare a sahun ukun farko sau 16. Ta zo ta uku sau takwas: 1976, 1978, 1992, 2002, 2004, 2006, 2010 da 2019. Ta kai wasan ƙarshe sau takwas, ta sha kashi a biyar: 1984, 1988, 1990, 2000 da 2023, uku daga ciki a hannun Kamaru. Ta ɗauki kofi sau uku: 1980, 1994 da 2013. Sau huɗu kacal ta dawo hannu rabbana: 1963, 1982, 2008 da 2021.

Wannan jadawali yana faɗin abu biyu. Na farko, masu jera sunaye ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ƙasa mai yawan jama'a irin tamu ba ta rasa gwanaye, kuma gwaninta kaɗai takan kai mu kusa da ƙarshe. Na biyu, daga kusa da ƙarshe zuwa ɗaga kofi akwai wata tazara da sau 13 cikin 16 muka kasa ƙetarewa. Tambayar da ta dace ita ce: me ya bambanta shekarun nan uku da sauran?

Kofuna uku da abin da ya gabace su

Kofin 1980 a gida aka ci shi, a filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, ranar 22 ga Maris. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Aljeriya ta tashi ba ko ɗaya. Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin, daga baya aka ba 'yan wasan gidaje da motoci. Dattawanmu da suka ji wasan a rediyo sukan ba da labarin wannan rana kamar jiya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tawagar ta daɗe a kan wuta. Wani koci ɗan Yugoslabiya da ake yi wa laƙabi da Father Tiko ya riƙe ta tun tsakiyar shekarun 1970, ya kai ta mataki na uku a 1976 da 1978. Galibin 'yan wasan a gida suke taka leda, a ƙungiyoyi irin su Rangers ta Inugu da Shooting Stars ta Ibadan, sun san ƙafar juna. Da Otto Gloria ɗan Brazil ya karɓe su, mutumin da ya jagoranci Fotugal zuwa mataki na uku a kofin duniya na 1966, ya tarar da gini ya kai linta, shi rufi ya ɗora.

Kofin 1994 ma haka. Clemens Westerhof ɗan Holan ya zo a 1989. A wasansa na farko a gasar Afirka ta 1990 Aljeriya ta lallasa Najeriya da ci 5 da 1. Da a yau ne, da kafin a wayi gari an kore shi. Aka bar shi, ya kai wasan ƙarshe a wannan gasa, ya zo na uku a 1992, ya samo wa ƙasar gurbin kofin duniya na farko ranar 8 ga Oktoba 1993 a birnin Aljas. A Afrilun 1994 a Tunis, Emmanuel Amuneke ya ci biyu aka doke Zambiya da 2 da 1, Zambiyar da ta sake gina tawaga bayan hatsarin jirgin saman da ya hallaka 'yan wasanta a gabar tekun Gabon shekara guda kafin nan. A wannan watan hukumar FIFA ta sa Najeriya a matsayi na biyar a duniya. Shekara biyar mutum ɗaya ya yi yana tankaɗe da rairaya kafin a ga wannan.

A tawagar akwai 'ya'yan arewa da muke ji kamar namu ne. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya a ragar Bulgeriya ya kama raga yana kuka, a Kaduna aka haife shi. Daniel Amokachi ma ɗan Kaduna ne. Da aka je Atlanta a 1996 aka doke Brazil 4 da 3, aka doke Ajantina 3 da 2 aka ɗauki zinare, ga Tijjani Babangida, ga Garba Lawal, ga Celestine Babayaro, duk daga filayen Kaduna.

Kofin 2013 shi ne wanda mu muka gani da idonmu. Najeriya ba ta ma samu zuwa gasar 2012 ba. A Nuwamban 2011 aka ɗauki Stephen Keshi, kyaftin ɗin 1994. Ya shafe sama da shekara yana tara 'yan wasan gida a sansani yana gwada su, ya ajiye manyan sunaye irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins, ya tafi Afirka ta Kudu da matasan da yawancinmu ba mu san fuskarsu ba, har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. Muna tuna yadda muka yi ta zaginsa a gidan kallo bayan kunnen doki da Burkina Faso da Zambiya. Da aka haɗa mu da Kodebuwa ta Drogba da Yaya Toure a wasan daf da na kusa da na ƙarshe, kowa ya sallama. Sai Sunday Mba, ɗan wasan gida, ya ci ƙwallon da ta fitar da su. Aka casa Mali 4 da 1, Ahmed Musa tsohon ɗan Pillars ya ci ta huɗu. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, Mba ya sake ci, aka doke Burkina Faso da ci ɗaya mai ban haushi.

Abin da ya haɗa shekarun nan uku a fili yake. Kowane kofi ya zo ne bayan an bar wani mutum ya yi aiki na tsawon lokaci da tawaga guda, ya faɗi, ya tashi, ya san wanda zai iya da wanda suna kawai yake da shi. Ko a 2013 da wa'adin ya fi gajarta, an yi wata goma sha biyar ana shiri. Kuma a shekarar da muka fi raina tawagar ne ta kawo kofi.

Wata Asabar a Ƙofar Mata

Yanzu mu zo ga ranar da ta fi kowace koya mana hankali, domin a gabanmu aka yi ta.

Kano ba baƙuwar tamaula ba ce. A 1953 tawagar Kano ta ɗauki kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama kofin ƙalubale, kuma ita ce ta farko daga wajen Legas da ta taɓa ɗaukarsa. Raccah Rovers ta lashe gasar lig ta ƙasa a 1978. An kafa Kano Pillars a 1990. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999, ya kuma karɓi rukunin Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso a gasar Afirka ta 2000. Saboda haka da aka ce za a kawo wasan neman gurbin kofin duniya tsakanin Najeriya da Angola Kano, ranar Asabar 18 ga Yuni 2005, ba mu ga wani abin mamaki ba. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a lokacin, Alhaji Ibrahim Galadima, ɗan Kano ne. Mun ɗauka haƙƙinmu ne aka ba mu.

Muna 'yan shekara goma sha wani abu a lokacin. Damina ta sauka, an yi shuka, kuma Asabar ranar gona ce ga duk ɗan makarantar da ke gidanmu. Tun asuba muka fita da fartanya don mu gama namu kason da wuri. Waɗanda suka samu kuɗin mota suka nufi birni, da yawansu a waje suka ƙare saboda cinkoso. Sauranmu muka kewaye talabijin ɗin wani maƙwabci, ga rediyo a gefe saboda kada a ɗauke wuta. Babu wanda ya tambayi ko za mu ci. Gardamar ita ce ƙwallo nawa.

Wa zai zarge mu? Najeriya ta je kofin duniya sau uku a jere, 1994, 1998 da 2002. Angola ba ta taɓa zuwa ba, kuma shekara uku ke nan da ta fito daga yaƙin basasar da ya cinye mata kusan shekara 27. Ga Jay-Jay Okocha a fili. Ba a jima da farawa ba ya jefa ƙwallo a raga, muka ce ga ta nan, yanzu ruwan ƙwallaye zai ɓarke. Bai ɓarke ba. Rana ta yi zafi, 'yan wasanmu da suka saba da sanyin Turai suka fara jan ƙafa, 'yan Angola kuwa suka daure. Bayan an dawo daga hutu Figueiredo ya farke. Aka tashi 1 da 1.

A daren nan mun ji haushi, amma ba mu fahimci girman ɓarnar ba. Mun ce ai saura wasa biyu, kuma mun fi su yawan ƙwallaye. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne dokar wannan zagaye ta ce idan ƙasashe biyu suka yi daidai a maki, sakamakon karawarsu da juna za a fara dubawa kafin yawan ƙwallaye. Shekara guda kafin nan, a Yunin 2004, Angola ta doke mu da ci 1 da nema a Luanda, Akwa ne ya ci, a wasan da wasu manyan 'yan wasanmu ba su je ba. Ke nan a karawa biyu Angola na da maki huɗu, mu muna da ɗaya.

Aka dakatar da Christian Chukwu daga horarwa, Austin Eguavoen ya karɓa. Muka je Oran muka ci Aljeriya 5 da 2. Ranar 8 ga Oktoba muka ci Zimbabuwe 5 da 1 a Abuja. A daidai wannan lokaci a Kigali, Akwa ya sa kai ya ci Ruwanda ana dab da tashi. Najeriya maki 21, Angola maki 21. Mun ci ƙwallo 21 an ci mu 7, su sun ci 12 an ci su 6. Angola ta tafi Jamus.

Bayan shekaru, da muka shiga jami'a aka fara koya mana rubuta manhaja, malamanmu suka riƙa nanata cewa ka karanta sharuɗɗan aiki tun daga farko har ƙarshe kafin ka rubuta layi ɗaya, domin kuskuren da ke rusa aiki yakan ɓuya ne a ɗan sharaɗin da kowa ya tsallake. Duk sanda aka faɗi haka wasan Angola muke tunawa. Ƙwallaye goma da muka zuba a wasa biyu na ƙarshe ba su biya bashin ƙwallo ɗaya da aka ci mu a Luanda ba.

Daga baya aka dora wa Kano laifi, aka ce zafinta ne ya kayar da Najeriya. Galadima kuma ya yi furucin da har yau ba a manta ba, cewa zuwa kofin duniya ba gadon Najeriya ba ne. An yi masa ca a kai, mu ma da mu aka yi. Shekara 20 bayan nan, da muka rasa 2022 da 2026, wa zai ce mutumin nan ƙarya ya yi? Zafin Kano bai bar 'yan Angola ba, su ma a cikinsa suka yi gudu. Abin da ya kayar da mu raini ne, kuma tun a Luanda aka shuka shi.

Ciwo ɗaya, shekaru daban-daban

Wanda ya gane abin da ya faru a 2005 zai riƙa ganin irinsa ko'ina a tarihin tawagar.

A Janairun 1996 muna riƙe da kofin Afirka, muna da tawagar da babu kamarta a nahiyar. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana ta zuwa Afirka ta Kudu, bayan takun saƙar da ya biyo bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamban 1995. Hukumar CAF ta hukunta mu da haramcin gasar 1998. Gasa biyu ke nan suka wuce mafi kyawun zubin 'yan wasan da ƙasar ta taɓa samu, ba tare da sun taɓa ƙwallo ba.

A kofin duniya na 1998 a Faransa, Philippe Troussier ne ya samo gurbi, amma Bora Milutinovic ne ya kai tawagar, watanni kaɗan da karɓarta. Muka doke Sifaniya 3 da 2 da wannan dukan na Sunday Oliseh. Daga nan hankalin kowa ya tafi kan haɗuwa da Brazil a zagaye na gaba, aka manta akwai Denmak a tsakani. Cikin minti 12 Denmak ta ci biyu, aka tashi 4 da 1, Babangida ne ya ci mana ta share hawaye.

Shu'aibu Amodu ya samo gurbin kofin duniya na 2002, aka sallame shi saura watanni a fara. Ya sake samo na 2010, aka sake sallamarsa saura watanni. A gasar biyu ba mu ci wasa ko ɗaya ba. A ta 2010 ne ɗan Kano Sani Kaita ya samu jan kati a wasan Girka muna gaba da ci ɗaya, aka juya mana wasan 2 da 1. Ƙasa ta taru a kansa kamar shi kaɗai ya kayar da ita, har barazana aka yi masa. Kuskure ya yi, babu musu. Amma da wuya ka ji mai zaginsa ya tambayi dalilin da ya sa aka miƙa tawaga ga Lars Lagerback, baƙon da bai kai wata huɗu da saninta ba. Ɗora wa mutum ɗaya laifi ya fi sauƙi, kamar yadda aka ɗora wa zafin Kano.

A 2014 a Brazil, Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu, abin da ya sa Kano ta kwana tana murna duk da an ci mu 3 da 2. Kwanaki kaɗan kafin karawa da Faransa, 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda rigimar alawus. Faransa ta ci 2 da nema. Keshi da ya kawo kofi a 2013 bai samu zaman lafiya da hukumar ba har ya bar aikin, Najeriya kuma ta kasa zuwa gasar Afirka ta 2015 da ta 2017. A Maris 2022 Ghana ta hana mu zuwa Katar da 0 da 0 a Kumasi da 1 da 1 a Abuja, bisa dokar ƙwallon waje. Wani ɗan sharaɗin ke nan kuma.

Neman gurbin 2026 kuwa kamar an ɗauko 2005 an sake bugawa ne. Wasa huɗu na farko maki uku muka samu: kunnen doki da Lesotho a Uyo, kunnen doki da Zimbabuwe, kunnen doki da Afirka ta Kudu, sannan Benin ta doke mu 2 da 1. Masu horarwa uku suka jagoranci wasanni goma, Jose Peseiro, Finidi George da Eric Chelle. A ranar ƙarshe muka ci Benin 4 da nema, Osimhen ya ci uku, amma Afirka ta Kudu ta ƙare da maki 18, mu da 17, duk da an ƙwace mata maki uku saboda sa ɗan wasan da bai cancanta ba. Da aka je wasannin cike gurbi a Rabat, saura kwana biyu a kara da Gabon, 'yan wasa suka sake ƙin fita atisaye saboda bashin alawus. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa kullum a bakin tasha muke neman wuƙa.

To, yaya Maroko?

A gasar 2025 an sa Najeriya a rukuni na uku tare da Tanzaniya da Tunisiya da Yuganda, aka kuma tsara ta buga wasanninta a birnin Fez, farawa da Tanzaniya ranar 23 ga Disamba. Idan muka bi jadawalin da muka kawo a sama, fitowa daga rukuni ba abin fargaba ba ne, kuma kai wa wasan kusa da na ƙarshe shi ne abin da tarihi ya fi nunawa. Gaban tawagar yana da kaifi. Osimhen da Lookman za su samu gurbi a kowace tawaga a nahiyar, ga Alex Iwobi da Wilfred Ndidi a tsakiya, ga Calvin Bassey a baya. Mafi yawansu sun buga wasan ƙarshe a Abidjan, sun san ɗacinsa.

Amma mu auna da ma'aunin shekarun kofi. Chelle, ɗan Mali, a Janairun 2025 ya karɓi aiki, zuwa Disamban 2025 bai cika shekara ba, kuma duk watannin nan kashe gobarar neman gurbi ya yi ta yi. William Troost-Ekong, kyaftin kuma gwarzon gasar da ta wuce, ya yi ritaya daga tawagar ana saura makonni. Wasan Kwango ya nuna cewa da zarar Osimhen ya fita, kamar yadda ya fita bayan hutun rabin lokaci, tawagar takan rasa inda za ta sa gaba. Maganar kuɗi kuwa wata guda kacal kafin gasar ta hana atisaye. Tunisiya da ke rukuninmu ita ce ta kore mu a Garwa a Janairun 2022, bayan mun ci wasa uku a jere mun fara raba kofi.

Sannan a dubi mai masauki. Maroko ta buɗe makarantar horar da matasan 'yan ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida a kusa da Rabat fiye da shekara goma sha biyar da suka wuce. A 2022 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya, a Oktoban 2025 matasanta 'yan ƙasa da shekara 20 suka ɗauki kofin duniya. Walid Regragui ya karɓi babbar tawagar tun 2022. Duk da haka, zuwa Disamban 2025, rabonsu da kofin Afirka tun 1976, wanda ke nuna ko mai shiri ba shi da tabbas, balle mara shi.

A yankinmu gona ba ta hutawa. Ƙasa ta yi kaɗan, mutane sun yi yawa, gonar da kakanka ya noma ita za ka noma bana da baɗi. Abin da ya riƙe ta shi ne taki, wanda iyayenmu suka riƙa ɗaukowa a kan jakuna tun da rani, lokacin da babu mai kallo, babu mai yabo. Manomin da ya tsallake wannan aiki yakan samu wani abu a shekarar farko saboda albarkar ƙasa, har ya ɗauka dabararsa ce. Ƙwallon Najeriya a kan albarkar ƙasa take rayuwa. Yaran da ke buga ta ba takalmi a filin makarantar firamaren garinmu sun isa shaida cewa ƙasar ba ta gaji ba. Pillars ta ɗauki lig sau huɗu tsakanin 2008 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, ta ba ƙasa Ahmed Musa, wanda ya fi kowane ɗan Najeriya cin ƙwallo a kofin duniya da guda huɗu. Sai mu tambayi kanmu yara nawa irinsa suka wuce ba wanda ya gan su.

Hasashenmu ke nan: tawagar nan tana iya kaiwa kusa da ƙarshe, kuma idan ta kai kada mu ce an yi abin al'ajabi, domin zuwa 2024 sau 16 ta yi haka. Ɗaukar kofi zai buƙaci sa'a fiye da yadda ya buƙata a 1980 da 1994 da 2013. Idan Allah Ya ba mu, muna roƙon kada murna ta sa a manta da bashin alawus da canjin koci uku. Idan kuma bai ba mu ba, kada mu nemo wani Kaita ko wani zafin rana mu rataya masa. A bar mai horarwa ya yi shekarunsa, a biya yara haƙƙinsu kafin su hau jirgi, a ɗauki Lesotho da muhimmancin da ake ba Ajantina.

Mu dai ranar 23 ga wata muna kan bencinmu tun kafin a tayar da janareta, kuma mun san da bakinmu za a jera sunayen. Sai dai a wannan karon mun riga mun karanta dokar gasar, har da abin da ta ce idan maki ya zo daidai.